Saƙon murya na WhatsApp a Zangon Kumasi: abin da yake kaiwa na zuciya da abin da yake zubarwa a hanya

Rubuta wa ƙaninka kalmomi uku a waya: ka yi ƙoƙari. Shi da yake karantawa a bakin shagonsa a Alabar ba shi da yadda zai san ko yaba masa kake yi ko faɗa kake masa. Idan ka ja wasalin "ka" da murya a sama, kana nufin ya riga ya yi, madalla da shi. Idan ka gajarta wasalin ka sauke murya, umarni ne, kana nuna masa har yanzu da sauransa. Haka "ka yi haƙuri" yake: da jan wasali shaida ce ga mutumin da ya daure, da gajeren wasali roƙo ne ko lallashi. "Ta zo" yana iya zama labarin isowarta, yana iya zama izinin ta shigo. Baki yana raba waɗannan ba tare da mai magana ya ko lura ba. Rubutun boko kuwa bai sa wa karin sauti alama ba, bai sa wa tsawon wasali ba, shi ya sa kukan jariri da kukar miya suka fito daga kalma mai haruffa iri ɗaya.

A Ghana matsalar ta ninka. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, don haka yawancin 'yan Zango sun iya ta a baki tsaf, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu ƙa'idar rubuta ta. Kowa yana rubutawa da haruffan da ya koya a ajin Turanci: "chiki" a maimakon ciki, "sanu" a maimakon sannu, ba ƙugiya a kan ƙ, ba lanƙwasa a kan ɗ da ɓ. Baƙin ciki ya koma "bakin ciki", "Allah ya ji ƙansa" ya koma "ya ji kansa". Dattawa da yawa kuma, maza da mata, karatunsu na allo ne da ajami. Wannan ne ya sa saƙon murya ya zama shi ne wasiƙar Aboabo da Asawase da Tafo Zango, kuma shi ya sa ya cancanci a auna shi da ma'auni guda: shin yana kai abin da ke zuciyar mai magana zuwa zuciyar mai sauraro, ko yana ɓata shi a hanya?

Hukuncina a taƙaice shi ne, wajen gaisuwa da ban gajiya da barka da ta'aziyya daga nesa, ba a yi wa mai jin Hausa kayan aiki da ya kai shi ba a cikin waya. Wajen sanar da rasuwa ga makusanci, da sasanta rikici, da duk maganar da ke buƙatar a ji amsar ɗaya ɓangaren nan take, yana da haɗari, kuma wasu daga cikin gyare-gyaren da aka ƙara masa don sauƙi su ne suke jawo ɓarnar.

Manhajar kyauta ce, mallakar kamfanin Meta, kuma an sa mata saƙon murya tun 2013. A 2022 kamfanin ya ce ana tura saƙon murya kusan biliyan 7 a kowace rana a duniya. Cin datarsa kaɗan ne ƙwarai, minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, don haka ko ragowar data ta MTN ko Telecel ko AT tana isa. Idan sabis ya yi rauni saƙon yana jira da alamar agogo har ya samu hanya ya wuce, saɓanin kira da ke tsinkewa ana tsakiyar magana. Ga mai ɗan'uwa a Bronx, inda suke bayanmu da awa 4 ko 5 gwargwadon lokacin shekara, ko a Hamburg da ke gabanmu da awa 1 ko 2, ko a Makka da ke gabanmu da awa 3, wannan jiran shi ne babban amfaninsa: ka faɗi naka bayan asuba, shi ya ji idan ya tashi daga aiki.

Dalilin da ya sa murya ta fi rubutu ba a karin sauti kaɗai ya tsaya ba. Hausa tana ɗora nauyin zuciya a kan ƙananan kalmomi waɗanda ƙamus ba ya iya kama su: dai, fa, kam, ai, mana, kuwa. "Zo mana" da taushin murya rarrashi ne, da kaifin murya ƙosawa ce. Kalmar "to" ita kaɗai tana iya zama na yarda, ko na ji amma ban yarda ba, ko ci gaba ina saurare, ko shi ke nan na bar ka da halinka. Uwa ta rubuta wa 'yarta da ke aure a Nima "to" kawai, 'yar ta kwana tana juya shi. Da a murya ta faɗa, da a daƙiƙa ɗaya ta san inda aka dosa. Haka "haba", haka "kai", haka "ayya" da "wayyo" da "assha". A rubuce gawarwaki ne, numfashi ke tashe su.

Masu bincike sun gwada wannan. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu a Amurka sun sa mutane su aika jimloli, wasu da gaske wasu da gatse, ta imel ko ta murya. Masu aikawa sun ɗauka za a gane nufinsu kusan sau takwas cikin goma. Ta murya an gane kusan uku cikin huɗu. Ta rubutu kuwa da kaɗan aka haura rabi, wato kusan canki-canka. Abin lura a nan shi ne mai rubutu yana jin muryar kansa a ransa lokacin da yake rubutawa, sai ya zaci ta bi saƙon ta tafi. Da Turanci aka yi wannan gwajin, harshen da ma'anar kalmominsa ba ta rataya a kan hawa da saukar murya kamar namu ba.

Akwai kuma aikin Leslie Seltzer da abokanta a Jami'ar Wisconsin. Sun sa 'yan mata masu shekara 7 zuwa 12 yin jawabi da lissafi a gaban baƙi har hankalinsu ya tashi. Waɗanda suka ji muryar uwarsu ta waya bayan nan, sinadarin oksitosin mai kawo natsuwa ya ƙaru a jikinsu, na damuwa mai suna kotizol ya sauka, kusan daidai da waɗanda uwar ta zo ta rungume su. A gwaji na biyu da suka ƙara rukunin da ke musayar rubutaccen saƙo da uwar, jikin waɗannan yaran ya kasance kamar ba su yi hulɗa da ita ba sam. Sai dai a riƙe wannan: kira ne kai tsaye aka yi a gwajin, uwa tana jin 'yarta tana amsa mata. Saƙon da aka naɗa yana da muryar, amma ba shi da amsar, kuma daga nan ne rauninsa yake farawa.

Gaisuwar Hausa aikin mutum biyu ce. Sannu, yauwa. Ina gajiya, ba gajiya. Ya muka ji da haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, ko da godiya. Mai ta'aziyya yana sauraron yadda aka amsa gaisuwar farko kafin ya san ko zai tsawaita ko zai taƙaita, ko mai makokin yana son a ambaci mamacin ko ba zai iya ɗauka ba tukuna. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A saƙon murya ba fuska, ba amsa, kana magana ne cikin duhu. Wanda ya san haka yana gina saƙonsa yadda zai cike giɓin.

Ga yadda ta'aziyya mai kyau take a saƙon murya. Tsawonta daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya, don mai makoki yana da saƙonni da dama a jere, ga baƙi a tsakar gida. A fara da sallama, sai mutum ya faɗi ko shi wane ne da alaƙarsa da gidan, domin sau da yawa wayar tana hannun jika ko ƙanwa, kuma ba lallai lambar tana ajiye ba. A ambaci mamacin da sunan da mai makokin yake kiransa, Baba ko Mma ko Kawu, kada a ce "marigayin" kamar sanarwar rediyo. A faɗi alheri guda ɗaya takamaimai da aka san shi da shi. Sai addu'a, sai a faɗi ranar da za a zo. Misali:

"Salamu alaikum. Hajiya, ɗan ƙanwarki ne na Tamale. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu labarin Baba ya iso mana. Hajiya, ya haƙuri? Ba yaron da ya taɓa shiga gidan nan da yunwa Baba ya bar shi ya fita da ita. Allah shi gafarta mishi. Allah shi sa ya huta. Allah shi ba ku dangana. In sha Allahu ina hanya, za a yi addu'ar uku da ni."

Abin da ba ya fitowa a wannan rubutun shi ne shirun da ke tsakanin addu'o'in, kuma shi ne rabin aikin. Duk wanda ya taɓa zama kusa da dattijuwa a gidan makoki tana sauraron irin wannan saƙo ya gani: wayar na tafin hannunta, ta sunkuyar da kai, gefen mayafinta a bakinta, tana cewa "amin, amin" da ƙarfi kamar mai maganar yana gabanta. Idan ka jero addu'o'in ba numfashi, ka hana ta wurin sa amin ɗinta. A bar daƙiƙa biyu bayan kowace addu'a, a bar uku bayan "ya haƙuri". Mai naɗa zai ji kamar shirun ya yi yawa. A kunnen mai sauraro daidai yake.

Nan ne na fi jin takaicin maɓallin saurin da aka ƙara a 2021, mai ba da damar sauraro a 1.5 ko ninki 2. An tsara shi yadda murya ba ta sirancewa, kaurinta yana nan, lokaci kawai ake matsewa. To amma a Hausa lokacin shi ne ma'ana. Dogon wasali yana matsowa kusa da gajere, "ka yi ƙoƙari" na yabo ya fara kama da na faɗa. Shirun amin ya ɓace. Rawar da murya ke yi gab da kuka, da ajiyar zuciya, da jinkirin mai neman kalmar da ba za ta yi ciwo ba, duk sun niƙe, sai mai tausayi ya fito kamar mai gaggawar sauke nauyi. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, saurin da ka zaɓa yana zama a haka ga saƙonnin da ke biye. Ɗan kasuwa a Kejetia ya sa ninki 2 da safe don sauraron lissafin kaya daga Accra, da rana ban haƙurin matarsa ya shigo, ya ji shi a guje, ya ce ba ta yi nadama ba. Kafin a buɗe saƙon iyali a duba lambar da ke gefensa, a tabbata tana kan 1.

Wajen naɗa, yawancin saƙonnin da ke fita da mummunan sauti laifin riƙo ne. Makirfon yana ƙasan waya, kusa da ramin caji. Masu riƙe waya da tafin hannu suna toshe shi da ɗan yatsa, masu manna ta a leɓe kuma iskar f da h da sh tana bugunsa, ƙ da ts suna fashewa a kunnen mai sauraro, sai magana mai sanyi ta fito da kaushi. A ba da tazarar kamar faɗin tafin hannu, a ɗan karkatar da wayar gefen baki. A kashe fanka ko a juya mata baya. A bar bakin titi, domin ƙarar pragya (babur mai ƙafa uku) da trotro (motar haya) tana tilasta wa mutum ɗaga murya, kuma ɗaga murya a saƙo ana jin sa kamar faɗa ko da gaisuwa ake yi. Ɗaki mai katifa da labule ya fi shago mai tayil da rufin kwano, inda murya ke amsa-kuwwa. A lokacin hunturu ƙura tana cika ramin makirfo, murya ta riƙa fita kamar daga cikin rijiya. Busasshen buroshin haƙori mai laushi yana fitar da ita. Kada a zura allura ko tsinke, ana huda fatar da ke ciki, daga nan sai masu gyara a Adum. Abin kunne na Bluetooth mai araha kuma yakan sirantar da murya ya yanke kaurinta, wanda shi ne ke ɗauke da natsuwa, don haka a cire shi idan maganar mai nauyi ce.

Kada a riƙe alamar makirfo da yatsa a dogon saƙo. Yatsa na gocewa, saƙon ya tafi rabi, ko ya goge. A danna a ja sama har alamar kwaɗo ta kulle. Kullewar ce ke buɗe abubuwa biyu mafi amfani a manhajar gaba ɗaya: dakatarwa a ci gaba, da sauraron abin da aka naɗa kafin a tura, wanda aka ƙara a ƙarshen 2021. Rubutaccen saƙo ana iya gyara shi cikin minti 15. Na murya ba ya gyaruwa, sai dai a goge shi ga kowa, kuma damar hakan kwana biyu ce. Gogewar ma tana barin shaida cewa an goge wani abu, kuma a tsakanin miji da mata ko suruka da surukarta wannan shaidar kaɗai ta isa ta kunna wuta. Magana zarar bunu ce, a nan kuwa bunun yana ajiye, ana iya sake kunna shi sau goma.

Shi ya sa sauraro kafin turawa ya fi komai muhimmanci ga mai fushi. Mutum ba ya jin kaifin muryarsa lokacin da take fita, sai ya ji ta daga lasifika. Shawarata ita ce a naɗa, a dakatar, a ajiye wayar, a bi abin da aka koya mana tun a makarantar allo: mai tsaye ya zauna, a yi alwala. Sannan a saurara, a tambayi kai sunan abin da ake ji. Hausa ta rarrabe su dalla-dalla. Haushi na ƙaramin abu ne mai cizo. Takaici shi ne an cuce ka ba ka da yadda za ka yi. Fushi yana fitowa fili yana neman wanda zai sauka a kansa. Ɓacin rai ya fi zurfi, yawanci daga wanda ake ƙauna yake zuwa. Ƙunci kuwa ba lallai da mai laifi ba. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Los Angeles sun nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa kiran motsin rai da sunansa yana rage zafin aikin amigdala, sashen da ke tashi idan an firgita ko an fusata. Saƙon da ya fara da "Yaya, raina ya ɓaci da abin da ya faru jiya" yana samun amsa. Wanda ya fara da "kai kullum" yana samun irinsa. Ga ma'aurata kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi: furucin saki ba abin wasa ba ne a wurin malamai ta kowace hanya ya fita, kuma saƙon murya shaida ce da ba ta mantuwa.

Wane harshe za a yi maganar da shi, wannan ma zaɓi ne da murya ta ba ɗan Zango wanda rubutu bai ba shi ba. Yaron Kumasi yana tashi da Hausa da Twi da Turanci, wani da Dagbani ko Zabarmanci ko Kotokoli a cikin gida. Kowane harshe da inda ya ajiye motsin rai a jiki. Hausa ta sa shi a ciki da rai da gaba: farin ciki, ɓacin rai, faɗuwar gaba. Twi ta sa da yawa a ido: anigye na murna, aniwu na kunya. Maƙwabciya Asante da aka yi wa rasuwa, "due" ko "kosɛ" da muryarka ya fi mata dogon jawabi da Turanci. Catherine Harris da abokan aikinta a Jami'ar Boston sun auna wannan a 2003 da Turkawa masu jin Turanci: tsawar da ake yi wa yara ta fi tayar da gumin fatarsu idan sun ji ta da harshen da aka rene su da shi. Wannan ne ya sa saurayi yake iya cewa "sori" sau goma ba tare da ya ji komai ba, amma "Mma, ki yafe mini" sai ya tsaya masa a maƙogwaro. Harshe na biyu yana da sauƙin fita saboda nauyinsa kaɗan ne, kuma mai karɓa ma yana jin rashin nauyin. Neman gafarar iyaye a yi shi da harshen da suka yi maka rarrashi da shi, ko da Hausar ta gauraye, ko da "ya" ake cewa ga mace kamar yadda da yawa ke yi a nan. Ba wanda ke duba nahawu a irin wannan saƙon.

Sirri kuwa, manhajar ta tsare hanya amma ba ta tsare bakin ƙofa ba. Tun 2016 saƙonni a kulle suke daga waya zuwa waya. Amma da zarar ya isa, lasifika ce ke karanta shi ga duk wanda ke wurin, kuma saƙonnin murya da ke jere suna bin juna da kansu, ka buɗe na gaisuwa na sirri ya biyo baya a gaban mutane. Idan aka kai wayar kunne kamar ana amsa kira, sautin yana komawa ƙaramar lasifikar sama. Wata 'yar na'ura kusa da kyamarar gaba ce ke gane kusancin kunne. Idan yatsa ko murfin waya ko fasasshen gilashin kariya ya rufe ta, allo yana yin baƙi sauti ya yi ƙasa, mutane su ɗauka wayar ce ta lalace. A kuma duba ko wayar na haɗe da lasifikar shago ko ta mota kafin a danna. Sannan kowa ya sani, alamar makirfo tana yin shuɗi idan an saurara. Wanda ya buɗe zuciyarsa ya ga shuɗi, ya ga shiru har kwana biyu, ya riga ya fassara shirun. Idan ba halin amsa, daƙiƙa biyar sun isa: "Na ji, ina kasuwa, zan kira ki bayan isha'i."

Turawa gaba ita ce babbar ɓarakar. Kukan da mace ta yi wa yayarta da tsakar dare yana iya wayar gari a guruf ɗin dangi, kuma muryar mutum ba ta musantuwa. A ƙarshen 2023 an kawo saƙon murya na saurare sau ɗaya: a kulle naɗar, a danna alamar 1, a tura. Ba a iya tura shi gaba ko ajiye shi, kuma idan ba a buɗe ba cikin kwana 14 yana ɓacewa. Yana da amfani, amma wata wayar a gefe tana iya naɗe shi, sannan dattijon da bai ji da kyau ba a karon farko ba shi da damar maimaitawa. Ga manya ban ba da shawararsa ba.

Sanar da rasuwa ga uwa ko mata ko ɗa ta saƙon murya kuskure ne, ko da an iya magana. Al'adarmu ta san dalilin da ya sa ake tura mutum, ko a kira a fara da "jikin ya yi tsanani", a ji inda mai sauraro yake, a tabbata ba ya tuƙi, akwai wani kusa da shi. Saƙo ba ya zaɓar lokacin da za a buɗe shi. Kada a sa sanarwa a guruf sai an tabbata an kira kowane makusanci baki da baki, har na ƙasashen waje da ke barci a lokacin. Haka kuma saƙon ta'aziyya daga wanda ke Kumasi, gidan makokin kuma yana Sabon Zango ko Asokore Mampong, share fage ne kawai kafin ƙafa ta isa. Zumunci a ƙafa yake, kuma mutane suna riƙe wanda ya zo addu'ar uku ko ta bakwai ko ta arba'in da wanda ya tsaya a waya.

Abubuwa biyu ban ga amfaninsu ga mai jin Hausa ba. Mayar da murya rubutu da aka kawo a ƙarshen 2024 ya fito ba Hausa ba Twi a cikin harsunansa, kuma ko da an sa su, zai mayar da mu ga matsalar "ka yi ƙoƙari" ne. Sai 'yan fuskokin martani da aka ƙara a 2022. Fuskar dariya mai hawaye da fuskar kuka suna layi ɗaya, a ƙaramin allo kuma ga mai raunin ido hawaye hawaye ne, shi ya sa ake ganin dariya a ƙarƙashin sanarwar jana'iza. Wanda ya yi maka magana da muryarsa, a amsa masa da murya.

Akwai amfani ɗaya da ba a tallata shi, kuma shi ne mutane ke gane darajarsa bayan lokaci ya ƙure. Saƙonnin nan su ne kaɗai muryar da gidaje da yawa za su mallaka ta iyayensu: yadda Baba yake jan sallama, yadda Mma take cewa "Allah shi yi albarka" a ƙarshen kowace magana. Suna ɓacewa ta hanyoyi sanannu. Waya ta faɗa ruwa ko a sace ta ba a taɓa ajiye kwafi ba. An kunna saƙonni masu goge kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Waya ta cika, yaro ya share hirarraki don a samu wuri. An canza waya a shago ba a dawo da ajiyar ba. Sa wa saƙo tauraro yana sauƙaƙa nemo shi ne kawai, ba ya fitar da shi daga wayar. Abin yi shi ne a shiga saituna, sashen hira, a kunna ajiyar kwafi zuwa Google Drive ko iCloud, a sa ta kullum ko mako-mako, a kuma rubuta adireshin imel ɗin da kalmar sirrinsa a takarda a ajiye, domin yawancin dattawa wani ne ya buɗe musu, shi ma ya manta. Saƙonnin da suka fi daraja kuma a danne kowanne, a zaɓi rabawa, a tura shi imel ko kwamfuta, a sa masa suna da kwanan wata. A wayoyin Android fayil ɗin yana fita da ƙarshen .opus, wanda wasu na'urori ba sa buɗewa, amma manhajar VLC ta kyauta tana kunna shi. A ajiye kwafi biyu a hannun mutum biyu, ɗaya a cikin gida, ɗaya a wajen ɗan'uwa da ke wani gari.